Kada A Zubar Da Kaset Don An Juye Shi A Filas

Assalamu alaikum Edita. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin jama'a kan wata ɓarna da ake yi wa tsofaffin bidiyoyinmu, wadda masu yin ta ma ba su san suna yi ba. Sana'ata tace bidiyo ce, na fara ta a Kano tun zamanin da muke jona na'urar bidiyo biyu da waya muna kwafa daga kaset zuwa kaset, kuma har yau da ita nake ciyar da iyalina.

A watan jiya wani bawan Allah ya zo shagona da filas, ya ce bidiyon naɗin mahaifinsa ne da aka yi a 1994, yana so in gyara masa domin hoton ba ya tafiya daidai. Kafin a ci minti ɗaya na ga abin da yake nufi. A daidai inda mahaya suka sako dawakai a guje za su yi jafi, dokin gaba sai ya riƙa ɗan tsayawa yana ci gaba kamar mai ɗingishi, gefen rawunan mutane kuma ya yi tsaga-tsaga kamar haƙoran matsefi duk lokacin da suka juya kai. Da na duba bayanin fayil ɗin, sai na tarar an juye shi a kan hoto 29.97 cikin sakan ɗaya da layi 480, wato ma'aunin Amurka, alhali kuwa kaset ɗin da aka ɗauka a ƙasar nan hoto 25 ne da layi 576. Na ce masa, "Alhaji, kawo mini kaset ɗin na asali in sake juye maka." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ai Malam, da yaron shagon ya ba ni filas ɗin, cewa na yi a zubar da kaset ɗin, tunda ya gama aikinsa."

Bari in yi wa masu karatu bayanin abin da ya faru. Bidiyo jerin hotuna ne marasa motsi da ake nunawa da sauri har ido ya ɗauka motsi ne, kuma kowane ɗaya daga cikinsu mu masu sana'ar muna kiransa firam. Yawan firam ɗin da ake nunawa a sakan ɗaya ya samo asali ne daga wutar lantarki. A Amurka wuta tana kaɗawa sau 60 a sakan, don haka suka gina talabijinsu a kan firam 30 da layi 525, wato layukan da ake zana kowane firam da su, wanda 480 daga ciki ne ke ɗauke da hoto. A 1953, da za su shigar da launi, sai suka rage saurin da kashi ɗaya cikin dubu domin kada siginar launi ta yi karo da ta sauti, wannan ne asalin lambar nan mai ban haushi ta 29.97, kuma tsarin nasu shi ake kira NTSC. A Turai kuwa wuta sau 50 take kaɗawa, sai suka tsaya a kan firam 25 da layi 625, wanda 576 daga ciki ne ke ɗauke da hoto. Injiniyan Jamus Walter Bruch ya ƙirƙiro tsarin launi na PAL, aka fara watsa shirye-shirye da shi a 1967 a Ingila da Jamus ta Yamma. Wutarmu a Najeriya ta 50 ce, saboda haka tun daga gidan talabijin na farko da aka buɗe a Ibadan a 1959 da na Kaduna a 1962, firam 25 muke bi, da launi ya zo kuma muka ɗauki PAL. Maƙwabtanmu na Nijar da Cadi sun bi Faransa suka ɗauki wani tsarin launi mai suna SECAM, wanda firam ɗinsa da layinsa daidai suke da namu, a launi kawai muka bambanta, shi ya sa kaset ɗin da aka naɗa daga Télé Sahel, gidan talabijin na Nijar, idan aka sa shi a na'urar PAL a Katsina yakan fito fari da baƙi amma motsinsa lafiya lau.

To, idan aka tilasta wa bidiyo mai firam 25 ya zauna a mazubin 30, kwamfuta ba ta da inda za ta samo ƙarin firam biyar a kowane sakan, don haka sai ta maimaita ɗaya bayan kowane biyar. Wannan maimaicin shi ne ɗingishin dokin Alhaji. Sannan rage layi daga 576 zuwa 480 yana nufin an zubar da layi 96, wato kashi ɗaya cikin shida na hoton, kuma babu manhajar da za ta dawo da su. Haƙoran matsefin kuwa wata matsala ce daban. Tsohuwar talabijin ba ta zana firam gaba ɗaya; tana zana layuka na 1, 3, 5 har ƙasa, sannan ta dawo ta cike na 2, 4, 6, ta yadda kowane firam rabi biyu ne da aka ɗauka a lokuta mabambanta, rabi 50 a sakan. Wanda ya san aiki yakan ajiye wannan saƙar yadda take a kwafin adanawa, sannan ya fitar da kwafin kallo mai firam 50 inda kowane rabi ya zama cikakken hoto, sai ka ga dawakai suna gudu sumul kamar yadda aka gan su a akwatin talabijin a wancan lokaci. Wanda bai sani ba kuwa, ko dai ya manne rabin biyu wuri ɗaya su yi tsaga-tsaga, ko ya jefar da ɗaya ya yi asarar rabin motsin.

Ban ga laifin yaron shagon ƙwarai ba. Ƙananan na'urorin juye kaset da ake sayarwa a kasuwa da yawansu a kan NTSC suke zuwa, sai mutum ya shiga saiti ya canza da hannunsa, shi kuwa ba wanda ya taɓa gaya masa akwai wani abu da ake canzawa. Hoto ya fito, murya ta fito, mai kaya ya biya, shi ke nan.

Kada kuma a ɗauka matsalar ta tsaya ga tsofaffin kaset. A yau mafi yawan wayoyin hannu a kan firam 30 suke ɗauka, kyamarorin da ake haya kuma wani ya saita nasa a 25, wani a 24 saboda ya ji an ce shi ne na sinima, wani a 60. Sai a kawo mini aikin biki ɗaya ko fim ɗaya da ma'auni uku a ciki, a ce gobe ake so. Idan zan mayar da 30 zuwa 25, dole in jefar da firam ɗaya cikin kowane shida, motsi ya riƙa tsalle. Ko in sa kwamfuta ta narkar da firam biyu cikin juna, hannun mai magana ya fito da inuwa biyu. Ko in sa ta ƙirƙiro sababbin firam ta hanyar hasashen inda kowane abu ya nufa. Wannan ta ƙarshen ita ce mafi kyau, amma tana cin lokaci, kuma na sha ganin ta rikice a kan babbar riga mai aiki ko mayafin da iska ke kaɗawa, zanen ya riƙa narkewa kamar an zuba masa ruwa. Inda babu magana a ciki, kamar hoton gari ko na kasuwa, nakan rage saurin 30 ya koma 25 ba tare da jefar da komai ba, tsawonsa ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari, kuma sau da yawa ma ya fi kyau a ido. Amma ba za ka yi wa mai wa'azi ko mawaƙi haka ba.

Canza sauri, a gaskiya, mun daɗe muna kallonsa ba mu sani ba. Fim ɗin sinima firam 24 ne, kuma hanyar da aka saba mayar da shi PAL ita ce a ƙara masa gudu zuwa 25, wato kimanin kashi 4 cikin ɗari. Saboda haka fim ɗin Indiya mai awa uku da muka kalla a kaset ya ragu da kusan minti bakwai, muryoyin mawaƙansa kuma sun ɗan ƙara siranta fiye da yadda aka ji su a sinima.

Akwai kuma illar da ba ta gyaruwa a wajen tacewa, wato ƙyaftawar fitila. Fitilar da ke kan wutar 50 tana haske da dusashewa sau 100 a sakan. Kyamarar da ke kan 25 ko 50 tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ita, ba a ganin komai, amma wadda ke kan 30 ko 60 takan fito da ratsi-ratsi masu hawa da sauka a bangon ɗakin taro, balle idan janareto ne da ba ya riƙe gudunsa. Masu bin alhazai su ɗauko rahoto su lura cewa a Saudiyya abin juyawa yake yi, domin wutarsu ta 60 ce. Wani abin kuma, waya takan rage yawan firam da kanta idan haske ya yi ƙaranci, ta ƙara idan ya dawo, shi ya sa ake ganin hira ta fara baki da murya suna tare, kafin a kai minti ashirin murya ta wuce baki. Maganin wannan shi ne a fara mayar da fayil ɗin kan tsayayyen ma'auni da manhaja irin HandBrake ko FFmpeg, waɗanda kyauta ne, kafin a sa shi a teburin tacewa. Masu iPhone kuma akwai wurin da za su kunna tsarin PAL a saitin kyamara, su samu firam 25.

Wasu abokan sana'a sukan ce mini ai yanzu zamanin dijital ne, YouTube da Facebook suna karɓar kowane ma'auni, maganar PAL da NTSC ta zama tarihi. Gaskiya ne idan aikin a waya zai fara kuma a waya zai ƙare, kuma ma'auni ɗaya aka bi tun daga farko. Amma sauya sheƙar watsa talabijin zuwa dijital da aka ƙaddamar a Jos a 2016 bai canza wutarmu ba, bai kuma canza firam 25 da gidajen talabijin ɗinmu ke watsawa a kai ba. Duk fim ɗin da aka ɗauka a 30 aka kai tasha, sai an juya shi, kuma galibi na'ura ce za ta juya shi ta hanya mafi arha.

Roƙona ga gidajen talabijin shi ne kowanne ya rubuta ma'aunin da yake karɓa a takarda ɗaya, da Hausa, ya ba furodusoshi kafin su fita ɗauka. Ƙungiyoyin masu shirya fim irin su MOPPAN da makarantar koyon fim ta Jos za su iya shirya bita ta yini ɗaya ga yaran shaguna masu juye kaset, domin a hannunsu tarihin gidaje da yawa yake bi yanzu: naɗin sarauta, saukar karatu, tafsirin malaman da suka riga mu gidan gaskiya, da wasannin kwaikwayon da ba su da wani kwafi. Darakta kuma ya tara duk masu kyamara da masu waya kafin a fara aiki, a daidaita kowa a kan 25, ko 50 ga abin da ake son a rage wa gudu daga baya.

Ga mai kaset a gida kuwa, idan zai kai a juye masa, ya tambayi mai shagon a kan wane ma'auni zai juye, ya ce yana son PAL, firam 25, layi 576, kuma a ba shi babban fayil na asali tare da ƙaramin da zai tura wa 'yan'uwa a WhatsApp. Bayan haka ya karɓi kaset ɗinsa ya ajiye shi a tsaye cikin kwalinsa, nesa da zafi da danshi da lasifika. Shi Alhajin da na ba da labarinsa, na cire masa firam ɗin da aka maimaita, ɗingishin ya ragu, amma layukan da suka tafi sun tafi. Ya tuna cewa an kwafa wa wata ƙanwar mahaifinsa kaset ɗin a shekarar da aka yi naɗin, ya ce zai je Zariya ya duba ko yana nan, ni kuma na ce idan ya same shi kada ya sa shi a kowace na'ura sai na buɗe na ga ko zaren ya yi fumfuna.

Daga mai tace bidiyo, Fagge, Kano.