Kafin a sa wa laburare kwaɗo domin sake gini

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana kan sanarwar nan da akan ji lokaci zuwa lokaci, cewa za a rufe reshen laburare na wani gari domin a rushe shi a gina sabo. Ba na ja da sake ginin. Da yawa daga cikin rassan nan rufinsu yoyo yake yi, silin ya rufto, gara ta gama da kantoci. Abin da ke damuna shi ne yadda ake rufewar: a sa kwaɗo yau, gobe a zuba littattafai a tifa kamar yashi, a jibge su a wani ɗaki. A tsakanin ranar rufewa da ranar buɗewa ake asarar littattafan da masu karanta su, sai a tare a gini mai kyau da kantoci wayam.

Kada a cire kwano ko ɗaya sai kuɗin aikin ya fito, ba wai an rubuta shi a kasafi kawai ba. Hedikwatar Laburaren Ƙasa da ke Abuja an ba da kwangilarta a 2006, aka shafe fiye da shekara 15 ba a tare ba. Idan haka ta faru da na ƙasa, ina ga reshen ƙaramar hukuma? Haka kuma a tabbata takardar mallakar filin tana hannun hukumar laburare, domin kango a bakin titi bai cika daɗewa ba sai a wayi gari ya zama jerin shaguna.

Aikin kwasa yana farawa ne da ƙidaya. Wata biyu kafin rufewa a daina ba da aro, a kira waɗanda ke waje. Sai a ɗauki rajistar shigar littattafai a bi kanta-kanta ana dubawa, wanda ya ɓata a rubuta ya ɓata. In ba a yi wannan ba, babu wanda zai iya cewa ga abin da ya salwanta a hanya, kuma babu wanda za a tambaya. A nan ne kuma ake ware waɗanda gara ko fumfuna ta riga ta kama, domin kwali ɗaya mai ƙwari ya isa ya shafa wa ɗaki guda.

Kanta mai tsawon mita ɗaya takan ɗauki littafi kimanin 30. Ke nan reshe mai littafi 10,000 yana da kusan mita 330 na kanta, kuma zai ci ƙananan kwalaye wajen 400. Na ce ƙanana da gangan. Kwalin da ya wuce kilo 20 gindinsa yake ɓarkewa, ko lebura ya gaji ya yar da shi. A zuba littattafan bisa jerin da suke a kanta, daga hagu zuwa dama, a kwance ko a tsaye, ban da a kifa su a kan bakin buɗewa, don nauyin takardun yana ɓalle ɗinkin daga bango. Kowane kwali a rubuta masa lamba da lambobin Dewey, wato lambobin da ake jera littattafai da su a kanta, na farko da na ƙarshe da ke cikinsa, a gefe biyu, saboda rubutun da ke saman kwali ɓuya yake da zarar an ɗora wani. Wanda ya taɓa ganin an zazzage littafi dubu goma a gauraye ya san aikin wata da watanni ne mayar da su jeri.

Akwai kayan da bai kamata su shiga tifa ba sam. Tsofaffin jaridu da aka ɗinke, irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939 da New Nigerian ta 1966, takardarsu ta riga ta yi ja, taɓa ta kaɗan sai ta ruguje. A kwance ake ajiye su, kada a jera fiye da uku ko huɗu. Rubuce-rubucen ajami da ke cikin gafaka kuwa warƙoƙi ne a sake, in suka tarwatse sai malamin da ya san littafin ne zai iya mayar da su. Kada a ɗaure su da roba, kada a liƙa musu salatif. Gara a damƙa su amana, a rubuce, ga wurin da ke da masu kula da irinsu, kamar Arewa House ko ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna.

Sai ɗakin ajiya, inda mafi yawan ɓarnar ke aukuwa. Kwantena ba wurin littafi ba ce. Da rana tanderu ce, da dare kuma gumi yake taruwa a rufinta ya ɗigo. Naɗe kwali da leda ma kuskure ne, don danshin da ke ciki ba shi da mafita. Ɗaki ake so mai iska, wanda rufinsa ba ya yoyo. A shimfiɗa katako a kan bulo, kwalaye su tashi daga ƙasa da santimita 15, a bar kamu biyu tsakaninsu da bango yadda mutum zai haska tocila ya ga hanyar gara, kuma kada tsayin ya wuce kwali huɗu. Danshin iska in ya haura kashi 65 cikin ɗari fumfuna takan tashi, littafin da ya jiƙe kuwa kwana biyu zuwa uku sun ishe ta. Abin da ya sami littattafan Timbuktu ke nan: an tsere da su zuwa Bamako a akwatunan ƙarfe a 2012 da 2013, suka tsira daga wuta, sai laimar can ta zama sabuwar barazana. Shi ya sa kwasar ta fi dacewa tsakanin Nuwamba da Maris, ƙurar hunturu da sauƙi a kan ruwan Agusta. In kuma tsautsayi ya sa wasu sun jiƙe, a tsayar da su a buɗe a inuwa, a kunna fanka, a riƙa sa farar takarda tsakanin shafuka ana canzawa. Shanya a rana tana lanƙwasa bango. A naɗa mutum ɗaya da zai buɗe ɗakin nan kowane mako, ya sa hannu a littafin duba.

Masu karatu fa? Yawancinsu ɗalibai ne masu shirin WAEC da NECO da JAMB, waɗanda tebur da shiru da fanka suka kawo su. Shekara biyu a rufe, an rasa su. A sama musu wurin wucin gadi: aji biyu a wata makaranta ko ɗakin taro, da littafi 1,000 da aka fi nema da jaridun yau, sun isa su riƙe su. Amfaninsa na biyu shi ne ma'aikata suna nan, ba a watsa su wasu ofisoshi ba.

Game da ginin kansa, a zaunar da ma'aikacin laburare tare da mai zane tun farko. Littafi yana da nauyi: wurin kantoci ana lissafa masa kusan kilo 700 a kowace murabba'in mita, alhali daɓen ofis wajen 250 zuwa 300 ake yi masa. In bene ne, littattafai su zauna a ƙasa, teburan karatu su hau sama. A zuba maganin gara a ramin harsashi kafin kankare, a shimfiɗa ledar hana danshi. Manyan tagogi su fuskanci kudu da arewa, da baranda mai inuwa, domin ranar yamma tana kashe launin bango tana dafa ɗaki. Banɗaki da wurin alwala da tankin ruwa su yi nesa da kantoci, kada bututu ko ɗaya ya bi ta samansu. Kantocin su zama na ƙarfe, a bar aƙalla santimita 90 tsakaninsu don keken guragu, gangarar ƙofa kuma mita 12 ga kowace mita ɗaya ta tsayi. Sola da soket a teburi yanzu ba ƙawa ba ne.

Kuma a yi haƙuri da ranar biki. Sabon daɓe da filasta suna fitar da ruwa makonni bayan sun yi kamar sun bushe. A manna leda a ƙasa a kwana, in da safe an ga gumi a ƙarƙashinta, kwalaye su ƙara jira, ko da an riga an buga katin gayyata.

Na gode, wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Zariya