Rahoton ayyukan shekarar 2025 ga mambobin ƙungiyarmu ta maƙera, masu walda da ƴan lantarki a Maraɗi

Assalamu alaikum iyayenmu maƙera, abokan sana'a da ƙannenmu masu koyo.

A babban taron bara kun ɗora wa biro nauyin ya binciko wannan zance na ƙarfe marar hayaƙi da ake ta ji a rediyo, a gani ko akwai abincin yaranmu a ciki. Kusan duk shekarar a kansa ta tafi, don haka nan rahoton zai fi daɗewa.

Mun riƙa zaman karatu daren Alhamis bayan isha'i a garejin ɗaya daga cikinmu, ƴaƴanmu da ke Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo suna yi mana bayani da Hausa. Ga abin da muka riƙe. Duniya na fitar da ƙarfe kusan tan biliyan 1.9 a shekara, fiye da rabi a ƙasar Sin. Kimanin kashi 70 cikin 100 daga tama ake narko shi, a manyan tanderu masu cin gawayin kwal, kuma kowane tan ɗaya da ya fito ta wannan hanya yana sakin iskar kabon fiye da tan 2. Shi ya sa masana'antar ƙarfe kaɗai ke da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke saki.

Wani daga cikin ɗaliban ya ɗauko guntun rodi mai tsatsa ya ce tama kamar wannan take, ƙarfe ne da iskar oksijin ta aure shi. Aikin gawayi shi ne ya raba auren, ya tafi da oksijin ɗin, su fita tare a hayaƙi. Idan aka hura iskar haidirojin a madadin gawayi, ita ma tana raba auren, sai dai abin da ke fita tururin ruwa ne. Wani dattijo da ya tarar ana haƙar tama tun yana jan zugazugi ya yi dariya ya ce: "Yaro, ai aikin kakanninmu ne da gawayin ƙirya, mai raba auren kurum suka canza." Ɗalibin ya ce, "Haka ne, Baba." Tun daga daren nan manyanmu suka daina fashin zuwa.

A Suwidin an riga an gwada. Kamfanonin SSAB, LKAB da Vattenfall sun haɗu a 2016 kan shirin HYBRIT, suka buɗe masana'antar gwaji a Luleå a 2020, a 2021 suka kai wa kamfanin motoci na Volvo ƙarfen farko. Amma haidirojin ɗin daga ruwa ake cire shi da wutar lantarki mai ɗimbin yawa, kuma a nan ne biro ke ganin mu bi a hankali. Ba wanda ya manta watan Agustan 2023 da layin wuta daga Najeriya ya tsaya, injunan waldarmu suka kwanta. Tashar hasken rana ta Malbaza megawat 7 ce, ta Gorou Banda a Yamai megawat 30, alhali babban tanderun lantarki guda ɗaya na iya shan abin da ya fi su biyun a haɗe. Duk wanda ya ce muku gobe za a narka tama da haidirojin a Maraɗi, ku tambaye shi inda zai samo wutar.

Abin da ya fi kusa da hannunmu tsohon ƙarfe ne. Narka shi a tanderun lantarki bai kai kashi ɗaya cikin uku na hayaƙin tanderun kwal ba, saboda haka ake ta nemansa. Mun yi yini guda a filin ƴan gwangwan da mayen ƙarfe da guduma, muna koya wa yara tankaɗe. Aka fasa tsohon injin famfo, sai ga jan ƙarfe a naɗe a cikinsa. Idan ya shiga tanderu tare da baƙin ƙarfe ba ya fita, kuma in ya yi yawa ƙarfen kan tsage lokacin da ake murza shi da zafi. Wanda ya iya raba jan ƙarfe, alminiyam da ƙarfen tukunya kafin a ɗora a sikeli ya fi mai tarawa a buhu ɗaya samun kuɗi. Wasu sun raina wannan yini, suka ce ba su shiga ƙungiya don tsintar bola ba. Ni dai a ganina shi ne aikin da ya fi amfani a bana.

Mun kuma duba irin ma'aikatan da ake nema. A Port Talbot ta Birtaniya, kamfanin ƙarfe na Tata Steel ya kashe tanderunsa na kwal na ƙarshe a Satumbar 2024 don ya koma na lantarki, abin da ya shafi ayyuka kusan 2,800. Sabon tanderu ba ya son hannu da yawa. Yana son mai lantarkin da ya san babbar wuta, mai gyaran na'urorin da ke sarrafa kansu, mai awon sinadaran ƙarfe a ɗakin gwaji, da mai lissafin hayaƙi, tun da daga Janairun 2026 Tarayyar Turai za ta riƙa cajin kuɗin kabon a kan ƙarfe, siminti da alminiyam da ake shigar mata. Shawararmu ga iyaye: yaron da ya iya walda a ƙara masa lantarki da lissafi, ko a makarantar fasaha ta Dan Kassawa, ko a EMIG, babbar makarantar ma'adinai da masana'antu ta Yamai, in Allah ya hore.

Ziyarar masana'antar siminti ta Malbaza ba ta yiwu ba, kuma laifinmu ne, kuɗin mota bai taru ba. Mun so yara su ga tanderun da ke kai zafin digiri 1,450, su gane cewa fiye da rabin iskar kabon ɗin siminti daga farar ƙasar da ake gasawa take fitowa, ko da an canza makamashi.

Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, ya sa mun fara rubuta sunayen masu waldar da ba su da takardar shaida, domin a irin wannan aiki ba a ɗaukar mutum da "na iya" kawai. Wanda bai ba da sunansa ba ya ga magatakarda.

Ma'aji zai karanta lissafin asusu a zaure. Bashin kuɗin wata ya yi yawa, kuma da shi muke son biyan motar Malbaza, don Allah kowa ya zo da nasa ranar taro.

Magatakarda, a madadin biro