Koken mazauna Tudun Wada, Gombe, kan hayaƙin tireloli da keke napep

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Gombe, Alhaji Abubakar Shehu Abubakar III, ta hannun mai girma Hakiminmu.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mu talakawanka ne kuma 'ya'yanka, ba mu da inda za mu kai kuka sai fada.

Ranka ya daɗe, daren Alhamis ɗin nan wata dattijuwa mai ciwon asma numfashinta ya sarƙe, sai a keke aka garzaya da ita asibiti, dalili kuwa tireloli ne suka jeru a ƙofar gidanta sun bar inji a kunne tun bayan isha'i, baƙin hayaƙin dizal yana shiga ta taga ga hazo ya sauko ya danne shi ƙasa ba inda zai tafi. Mun yi wa direbobin magana cikin mutunci, ɗaya ya ce wai in ya kashe ba za ta tashi ba. To mu mu mutu kenan don mota ta tashi?

Da safe kuma keke napep da tsofaffin babura masu shan baƙin mai su karɓa. Yaran Islamiyya tari kawai suke, mai ƙosai tana rufe kwanonta da leda amma in ka shafa murfin sai yatsanka ya yi baƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gurɓatacciyar iskar waje ta kashe mutum kusan miliyan 4.2 a 2019, kuma wannan hayaƙin dai yana cikin abin da ke ƙara ɗumamar yanayi, ga zafin Afrilu kowa ya ji a jikinsa.

Mun je wajen mai unguwa, mun zauna da shugabannin direbobi, takarda ma mun rubuta, kullum "za a duba".

Muna roƙo, Allah ya ba ka nasara, a sa baki a mayar da manyan motocin nan bayan gari. A hana barin inji a kunne cikin unguwa. 'Yan VIO, jami'an duba ababen hawa, su riƙa duba salansa, ba takardu kawai ba. A sa shirin dashen itatuwa na gwamnatin jiha, wato 3G (Gombe Goes Green), ya iso layinmu, mu za mu riƙa ban ruwa. Ba mu ce a hana kowa neman abinci ba, masu keken nan ƙannenmu ne, su ma hayaƙin suke shaƙa wuni guda. Amma tirelolin nan dai, dan Allah, a ɗauke mana su kafin sanyi ya ƙare.

Allah ya ƙara wa Sarki imani.

Mu ne talakawanka,
Mazauna bakin titi, Tudun Wada, Gombe