Zuwa ga masu son sauya wayar haƙori kafin a gama aiki

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa masu hulɗa da asibitin haƙorinmu a nan Katsina, da masu tasowa daga Daura, Dutsin-ma da Malumfashi duk ranar ɗaurin waya, wato wayar nan da ake sawa don miƙar da karkatattun haƙora.

Tambaya ɗaya ta yi yawa a wurinmu kwanan nan, musamman daga 'yan mata masu shirin biki da iyayensu: "Likita, ba za a cire mini wannan ƙarfen a sa mini farin nan da ba a gani ba?" Amsa ita ce ana iya sauyawa. Sai dai daga yanzu ba za mu sauya wa kowa ba sai mun duba lafiyar rufin haƙoransa, kuma akwai waɗanda za mu ce su yi haƙuri. Ga dalili.

Rufin nan mai sheƙi da ke saman haƙori, wanda likitoci ke kira inamel, shi ne abu mafi tauri a jikin mutum, ya fi ƙashi. Kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne, babu jini a ciki, babu jijiya. Ƙashi in ya karye yana haɗewa, fata tana warkewa, amma shi abin da ya zaizaye ya tafi ke nan. Kafin mu manna 'yan ƙarafan nan da wayar ke bi ta cikinsu a jikin haƙora, sai mun shafa wani ruwan asid na 'yan daƙiƙu don gam ya kama. Ranar cirewa kuma sai mun ɓanɓare su, mu kankare ragowar gam da inji. Kowane zagaye yana cin ɗan abu daga rufin. Sau ɗaya ba komai ba ne a hannun wanda ya iya. Wanda ya sauya a tsakiyar aiki kuwa, sau biyu za a yi masa.

Farin da ake marmari na tangaran ne, kuma yana da nasa hali. Ya fi inamel tauri, don haka idan aka sa shi a haƙoran ƙasa ga mutumin da haƙoransa na sama ke rufe su sosai, yana iya cinye gefen na saman. Wajen cirewa ma ba ya lanƙwasa kamar ƙarfe, sai dai ya fashe, shi ya sa muke bi a hankali ga haƙorin da ke da tsaga ko babban ciko. 'Yan robobin da ke riƙe wayar kuma, miyar manja ɗaya ta ishe su komawa ruwan ɗorawa. Wannan kam amare ba sa jin daɗin ji.

Sai robar nan garai-garai da ake sawa a cire, irin su Invisalign. Tana da daɗin tsaftace baki tunda babu abin da ya tare buroshi. Amma sai ta kwana ta yini a baki, awa 20 zuwa 22 kowace rana, ana canja ta bayan mako ɗaya ko biyu. Yaron da ke mance littafinsa a makaranta, ku yi tunani kafin ku kashe kuɗin. Wanda ya sha shayi mai sukari ko lemon kwalba da ita a baki kuma, ya kulle zaƙin ne a jikin haƙori inda yawu ba zai kai ya wanke ba. Ba kuma kowane irin karkacewa take gyarawa ba.

A gaskiya abin da ya fi damunmu ba irin wayar ba ne. Farin tabo ne kamar alli da muke gani kewaye da ƙarafan, kusa da dasashi. Dauɗar abinci ke maƙalewa a wurin, ƙwayoyin cuta su ci sukari su fitar da tsami, tsamin ya riƙa zuƙe ma'adinin. Cikin wata guda yana iya bayyana. Ranar da aka cire waya, haƙora sun miƙe sambal amma kowanne da zanen murabba'i a fuskarsa. Duk wanda muka ga wannan tabon a bakinsa ba za mu manna masa sabon abu ba sai ya lafa. Za mu shafa masa fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa rufin haƙori, mu ba shi lokaci.

A gida, a goge baki da makilin mai fuloraid aƙalla safe da dare, minti biyu, a tofar kawai kar a kurkure da ruwa. Asuwaki sunna ne kuma yana da amfani, amma ba ya shiga ƙarƙashin waya. Ku karɓi ɗan siririn buroshin nan na tsakanin haƙora a wurinmu. Zoɓo da kunun tsamiya a sha su tare da abinci, ba a yini ana kurɓa ba, a bi da ruwa, a dakata kamar rabin awa kafin a sa buroshi domin a lokacin rufin ya yi laushi. Rake, goro, busasshiyar aya da tauna ƙashi, a ɗaga musu ƙafa.

Wanda dasashinsa ke kumbura saboda jikinsa ba ya karɓar sinadarin nikel da ke cikin ƙarfen, ba ya cikin wannan magana, ya zo mu duba mu sauya masa. Sauran masu son sauyi su faɗa a ranar ɗaurinsu na gaba. Amare kuma, don Allah a sanar da mu tun ana sa rana, ba saura mako guda kamu ba.

Mun gode.
Likita da ma'aikata, Katsina