Tunatarwa Kan Fitila a Cikin Kwale-kwale

Assalamu alaikum ƴan uwa masunta na Yauri.

Bazara ta kama, jarkokin fetur har huci suke saboda zafi. Don haka duk mai fita kamun dare da fitilar ƙwai ya rataye ta can gaba, nesa da inji da jarka. Kada a zuba kananzir fitila tana ci, a kashe ta huce tukuna. Aci-bal-bal kam a bar ta gida. A riƙa ɗaukar yashi a bokiti, don ruwa yaɗa wutar kananzir yake yi.

Za mu zauna Juma'a bayan La'asar a bakin ruwa. Kowa ya zo da fitilarsa a duba lagwani da ƙwai.

Allah ya tsare mu baki ɗaya.
Sakataren ƙungiya