Dan Allah ku yi mana shiri a kan hunhunar ɗaki

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya ya aiki ya iyali. Ni mai sauraron shirinku na lafiya ce duk mako, kun yi maganar maleriya kun yi ta kwalara Allah ya saka da alheri, amma akwai abu ɗaya da ban taɓa jin kun taɓo ba kuma yana cikin ɗakunanmu muna kwana da shi, wato hunhunar nan da take fitowa a bango in ɗaki ya yi danshi.

Yarinyata shekararta 4. Damina biyu a jere da an shiga marka sai tari ya kama ta, musamman da daddare, ƙirjinta yana wani irin fito kamar usur, hanci a toshe ido yana ƙaiƙayi. Kowa ya zo sai ya ce sanyi ne, a daina mata wankan yamma a sa mata rigar sanyi, mun sayi maganin tari a kyamis ya fi a ƙirga. Sai da wani dare numfashi ya nemi gagararta muka tafi asibiti, bayan an sa mata abin shaƙa ta dawo daidai likita ya ce min, Hajiya ɗakin da take kwana akwai danshi? Wallahi tambayar ta ba ni mamaki don ban taɓa haɗa tarin da bango ba.

Da muka dawo na sa maigidan ya tayani muka janye sif. Malam Edita abin da na gani ban manta ba har yau, bangon daga ƙasa har kusan ƙugu ya yi baƙi ɗigo-ɗigo wani wajen kore, fenti ya kumbura yana ɓarewa, bayan sif ɗin katakon ya jiƙe ya yi laushi, takalmin sallar maigidan ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa gari. Na ɗaga katifar yarinyar da take ƙasa jikin bangon nan, ƙasanta duk tabo. Warin da kullum nake bi da turaren wuta ashe daga nan yake fitowa.

Yadda likitan ya min bayani, hunhuna abu ne mai rai, tana sakin wasu ƴan ƙwayoyi kamar ƙura da ido ba ya gani, su ne muke shaƙa, kuma abu in ya jiƙe ya kwana ɗaya zuwa biyu bai bushe ba to ta samu wajen zama. Ba baƙar kaɗai ba, fara da koriya ma duk ba a so. Wani zai zauna da ita bai ji komai ba sai atishawa, amma jarirai da tsofaffi da masu asma da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni su ne abin tsoro. Ya ce akwai wata irinta mai suna Aspergillus da take iya shiga ta zauna a ramin da tarin tibi (tarin fuka) ya bari a huhun mutum, ya gama shan maganinsa amma tari ya ƙi tafiya har da jini. Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bayani cewa zama a gida mai danshi yana ƙara ciwon numfashi da tashin asma, mu dai labarin bai iso lungunmu ba.

Magini da na kira ya duba ya ce tun wajen gini aka yi ha'inci, ba a shimfiɗa leda a fandisho ba shi ya sa bango yake shan ruwa daga ƙasa kamar lagwani, ga lambatun bayan gida ya toshe da ledar fiya wata ruwa yana kwanciya jikin ginin, ga kwano yana yoyo silin ya yi shatin ruwa. Mu ma da namu laifin gaskiya, taga kullum a rufe saboda sauro da ɓarayi, in ana marka a ɗaki muke shanya, wani lokacin har ruwan wanka a ciki ake dafawa, duk tururin nan bango ne yake shanyewa.

Na je wa mai gidan hayar da maganar sai ya ce a kawo mai fenti. Wannan kalmar ce ta sa na zauna na rubuto muku. Don a Ingila, garin Rochdale, akwai yaro Awaab Ishak ɗan shekara 2, iyayensa ƴan Sudan ne, ya rasu a watan Disamba 2020 kuma binciken da aka kammala a 2022 ya tabbatar hunhunar gidan hayarsu ce sanadi, mahaifinsa ya kai ƙorafi tun 2017 aka ce masa ya shafe da fenti. Yanzu har doka suka yi da sunan yaron wadda ta tilasta wa hukumomin gidajen haya su gyara cikin ƙayyadadden lokaci. To mu nan wa za ka kai wa ƙara, in ka matsa a ce maka ga masu neman ɗakin nan a layi. Fenti ba ya kashe ta, wata biyu za ta ɓullo ta samansa tunda ruwan yana nan.

Ina kuma tuna ƴan'uwanmu na Maiduguri da dam ɗin Alau ya ɓalle a Satumba 2024, ruwa ya janye mutane suka koma gidajen da bango ya sha ruwa, da katifu da kujerun da ba halin sayen wasu. Sannan buhunan masara da gyaɗa da muke jinginawa a bango mai danshi, hunhunarsu tana yin wani dafi da ake kira afalatoksin mai lalata hanta kuma dahuwa ba ta kashe shi, a Kenya a 2004 mutum sama da 100 suka mutu daga cin gurɓatacciyar masara. Mu kuwa sai a shanya a kai inji.

Abin da na yi dai, na ɗaure hanci da takunkumi na sa safar hannu na buɗe taga, na fitar da yaran, na wanke bangon da omo da ruwan Hypo, kuma dan Allah ku ja kunnen mata kar a haɗa Hypo da maganin wanke banɗaki, hayaƙinsa guba ne. Katifar na jefar duk da raina bai so ba, sif na bar tazara tsakaninsa da bango, na sa raga a taga don ta dinga kwana a buɗe, samarin layi suka yashe lambatu.

Roƙona ku gayyato likitan ƙirji da magini a zama ɗaya kafin ruwa ya sauka, ku buɗe layi masu haya su kira, ku kuma nemi jami'an duba gari su faɗa mana ko akwai abin da doka ta ce a kan mai gidan da ya ƙi gyara. A sa shirin bayan isha'i lokacin mata sun gama aiki. Yarinyata yanzu a falo take kwana tarin ya yi sauƙi Alhamdulillahi, amma bangon ya fara yin sanyi kuma kuɗin hayarmu sai bayan wata 5 zai ƙare.

Taku mai sauraro, daga Kano.