Sanarwa ga Ƴan Rukunin Binciken Salsala

Assalamu alaikum iyayena da ƴan'uwa.

Tattara salsalar kakanninmu da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi da aka yi da Turawan Ingila a 1903 har suka zauna a garin Mai Wurno na ƙasar Sudan aiki ne mai tsawo. Na damu da yadda wasunmu suke raba dare a gaban kwamfuta, kai a sunkuye, har wuya ya sandare, gajiya ta sa a rikita sunan kaka da na jika.

Saboda haka, daga wannan Juma'a kowa ya ɗauki gida ɗaya kacal a mako, ya turo sakamakonsa ranar Alhamis bayan sallar Isha'i. A ɗaga allon kwamfuta daidai da ido, a miƙe a motsa wuya duk bayan rabin awa. Wanda ciwon ya sauko masa hannu ya ga likita.

Allah Ya ƙara lafiya, Ya jiƙan magabatanmu.